Gangunan Sharish

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure har karatu ya kai shi Muƙamatul Hariri, da wuya bai ji sunan Sharishi ba. Shi ne Abul Abbas Ahmad ɗan Abdulmumini, wanda ya yi wa littafin sharhi har uku, babba da matsakaici da ƙarami, ya rasu wajen shekara ta 619 bayan Hijira. Idan wata kalma ta Hariri ta gagara, wurinsa ake komawa. Sai dai ba kasafai almajiri ke tambayar inda Sharish ɗin take ba. Tana can kudancin Andalus, tafiyar 'yan kilomita daga bakin tekun Atilantika, kuma har gobe tana nan. Mutanen Sifen suna kiran ta Heres, suna rubuta Jerez. Turawan Ingila kuwa, da harshensu ya kasa ɗaukar Sharish, suka ce sheris, daga baya suka gajarce shi zuwa sheri. Da wannan suna duniya ta san wata giya mai ƙarfi wadda ake tsufar da ita a cikin ganga, kuma a cikin ire-irenta marasa zaƙi babu mai nauyi da duhu da ƙamshi kamar wadda ake ce wa oloroso.

Ni ban taɓa kai ta baki ba, ba kuma ina kiran kowa zuwa gare ta ba ne, hukuncin addininmu a kan giya a fili yake. Abin da ya kama ni shi ne garin. Birni ne da Musulmi suka riƙe fiye da shekara 500, ya fitar da malamin da har yau muke cin moriyar alƙalaminsa, sannan sunansa na Larabci ya je ya manne a jikin kwalba. Wanda yake son ya san yadda aka yi haka, dole ya bi ta cikin gonaki da rumbunan ajiya da kotuna da tashoshin jiragen ruwa.

A fara da ƙasar. Tuddan da ke kewaye da Heres farare ne fat, har suna ɗaukar ido da tsakar rana, saboda allin da ke cikinsu. Mutanen wurin suna kiran wannan ƙasa albarisa. Ruwan sama yakan sauka da hunturu, kimanin milimita 600 a shekara, daga nan sai fari da zafi na wata da watanni. Albarisa tana shanye ruwan ta ɓoye shi a ƙasa, samanta ya bushe ya zama ɓawo mai hana shi tashi, jijiyar inabi kuma ta nutsa ta same shi. Bayan girbi manoma kan haƙa ƙananan ramuka a tsakanin kunyoyi don kada ɗigo ɗaya ya gangare a banza. Iska biyu ce ke mulkin yankin: lebante, mai zafi da bushewa daga gabas, da foniyente, mai sanyi da laima daga teku. Garuruwa uku ne suka zama ginshiƙin sana'ar, Heres da Sanlukar da Fuwerto de Santa Mariya, a tsakanin koguna biyu masu sunan Larabci, Wadil Kabir da Wadi Lakka.

Noman inabi a nan ya girmi Musulunci da Kiristanci duka. Finiƙiyawa, fataken teku daga gabar Labanan, su suka kafa birnin Kadis kimanin shekara 3,000 da suka wuce, kuma ana danganta shigowar inabi da su. Rumawa suka gaje su. Kolumela, wanda ya rubuta littafin noma mafi girma da ya rage daga zamanin Rum, ɗan Kadis ne.

A shekarar 711 Ɗariƙ ɗan Ziyad ya ƙetaro daga Magrib, ya karya rundunar sarki Rodrigo a yaƙin da aka sani da sunan Wadi Lakka, a wannan yanki na kudu. Sharish ta shiga hannun Musulmi. Gonakin inabi ba su mutu ba, domin inabi abinci ne, zabibi kuma guzuri ne. Mutanen Heres suna da wani labari da suke yawan bayarwa, cewa a shekarar 966 Halifa Hakam na Biyu ya yi umarni a tuge inabin saboda ana matsa shi a yi giya, sai mutanen gari suka kai kuka cewa da zabibinsa ake ciyar da mayaƙa, aka tuge kashi ɗaya cikin uku aka bar saura. A zamanin Muwahhiduna birnin ya ƙasaita, aka kewaye shi da ganuwa, aka gina fada mai masallaci da ɗakunan wanka, waɗanda ke tsaye har yanzu. Ko sunayen gonaki sun riƙe wannan zamani. Shahararriyar gonar Macharnudo farkon sunanta daga majshar ne, wato gidan gona.

Akwai wani gado na biyu wanda masu shi ba da nufin giya suka bar shi ba. Masana irin su Kindi a Bagadaza da Zahrawi a Ƙurɗuba sun yi rubutu a kan tatsar ruwan wardi da turare da magani ta hanyar tururi, da tukunyar da ake kira al-inbiƙ. Turai ta karɓi tukunyar da sunanta, ta juya ta zuwa tatsar barasa. Kalmar da suke kiran barasar da ita ma daga al-kuhl ta fito, wato kwallin da ake sa wa ido. Ba don wannan tukunya ba, da babu giyar da za a ƙara wa ƙarfi.

A 1264 sarki Alfonso na Goma ya ci Sharish, ya fitar da Musulmin garin, ya rarraba gidajensu da gonakinsu ga mutanensa, aka mayar da masallacin fada coci. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan bayan rasuwar Sharishi. Garin ya daɗe yana kan iyaka da daular Musulmi ta Garnaɗa, shi ya sa aka liƙa wa sunansa "de la Frontera", na bakin iyaka.

Daga nan teku ta karɓi ragama. A 1483 hukumar gari ta kafa dokoki a kan girbin inabi da girman ganga da yadda za a yi ciniki da baƙin fatake. Daga Sanlukar Kolombos ya tashi tafiyarsa ta uku a 1498. Daga nan kuma Magelan ya tashi da jirage 5 a watan Satumba na 1519, da ɗaruruwan ganguna da salkunan giyar yankin, domin ruwan sha yakan ruɓe a doguwar tafiya, giya kuwa tana jurewa. Jirgi ɗaya ne ya zagaya duniya ya dawo bayan shekara uku, da mutum 18. A 1587 Faransis Direk na Ingila ya afka wa tashar Kadis, ya ƙone jiragen da ake shiryawa don yaƙar Ingila, ya kwashi ganga kimanin 2,900 ya kai Landan. Ganimar yaƙi ta zama talla. Cikin shekaru kaɗan har Shakespeare ya sa wani gwaninsa, Falstaf, yana kirarin giyar Sharish a dandalin wasa.

A nan ne ya kamata a yi hattara, don masu sayarwa suna son a ɗauka cewa abin da ke cikin kwalba yau shi ne Direk ya kwasa. Ba shi ba ne. Giyar wancan lokaci ta shekara ce, ana matsa ta da kaka a loda ta a jirgi kafin ta zagayo. Oloroso, wadda duk darajarta a tsufa take, ba ta da hanyar samuwa, saboda doka ma ta hana. Manyan masu gonaki suna da ƙungiya mai ƙarfi wadda aka tabbatar da dokokinta a 1733. Ita ke yanka farashi, kuma ta haramta wa 'yan kasuwa tara giya a rumbu shekara da shekaru. Dalilinsu a bayyane yake: idan ɗan kasuwa yana da ajiya, ba zai zo da gudu ya sayi amfanin bana a kan kuɗin da manomi ya faɗa ba. A gefe guda kuma kasuwar Ingila ta fara son giya mai ƙarfi, mai duhu, wadda ta kwana biyu. Wani Bafaranshe mazaunin Heres, Huwan Hori, ya ja ƙungiyar zuwa shari'a, aka yi shekaru ana fafatawa, har a 1778 hukuncin sarki ya ba 'yan kasuwa damar ajiyewa da gaurayawa. Ƙungiyar ta yi ta jan ƙafa har aka rushe ta a 1834. A ganina ranar wannan hukunci ce ranar sunan oloroso, ko da yake an ɗauki shekaru kafin ta yi kama da yadda take yau.

Kuɗi da baƙi suka kwararo. Gordon daga Sikotland, Garvey daga Ayalan, Osborne daga Ingila, Domecq daga Faransa. A 1835 wani saurayi ɗan Sanlukar, Manuwel Mariya Gonzales, ya buɗe nasa gidan, shekara 20 bayan haka wakilinsa na Landan, Byass, ya shigo haɗin gwiwa, aka sami González Byass. Suka gina rumbuna waɗanda mutanen gari ke kwatantawa da manyan majami'u: bango mai kauri an shafe shi da farar ƙasa, rufi mai tsawo don zafi ya hau sama, tagogi a can ƙoli suna fuskantar iskar teku an rufe su da asabari, daɓe kuma na yashi wanda ake yayyafa wa ruwa da bazara.

A cikin waɗannan rumbuna ne ake raba hanya. Da can, idan an girbe farin inabin falomino, maza ne ke tattaka shi da dare a cikin kwamin katako, sanye da takalman fatar shanu masu ƙusoshi, waɗanda ke fasa 'ya'yan ba tare da murƙushe ƙwallon ba. Ruwan ya tsima ya zama giya. Da hunturu sai shugaban rumbu, wanda suke kira kafatas, ya bi ganga-ganga da wani dogon ludayi siriri mai suna benensiya, ya ɗebo, ya duba, ya shinshina, ya yi alama da alli a goshin gangar. Wadda ta fito sassauƙa, mai laushi, ya ja mata layi ɗaya. Wadda ta fito da jiki da kauri, ya zana mata da'ira. Ta farko za a ƙara mata barasar inabi har ƙarfinta ya kai kashi 15 cikin ɗari. A wannan mataki wata farar yana ta yis, wadda suke kira fulor, wato fure, takan taru a samanta kamar yanar kunu, ta rufe ta daga iska, giyar ta zauna fara. Ita ce fino. Mai da'ira kuwa ana kai ta kashi 17 ko 18, inda yanar ba ta iya rayuwa. Sai giyar ta zauna tsirara a gaban iska, shekara bayan shekara.

Abin da kowane mai giya a duniya yake gudu ke nan, iska ta taɓa masa kaya, amma a Heres shi aka mayar sana'a. Launi yakan tashi daga ruwan zinariya zuwa na zuma, har ya kai jan ƙasa mai duhu. Masu harkar suna kwatanta ƙamshin da na ƙwallon da Larabawa ke kira jauz, da soyayyar gyaɗa, da jemammiyar fata, da tsohon katako. Sunan ma ma'anarsa ke nan, oloroso, mai ƙamshi. Ganga tana numfashi, a kowace shekara kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na abin da ke ciki yana fita ta jikin itace, yawancinsa ruwa, don haka abin da ya rage yana ƙara kauri da ƙarfi har ya kai kashi 20 ko 22. Ba ta da sukari, amma kaurinta yakan sa harshe ya zaci akwai. Gangunan kansu na itacen ok ne na Amurka, masu cin lita 600, kuma an fi son tsofaffi waɗanda ɗanɗanon itace ya riga ya fita daga jikinsu. Akwai waɗanda suka haura shekara 100 suna aiki, ana yi musu faci.

Sai kuma tsarin da ya fi komai burge ni, wanda ya kafu tsakanin ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19. Mai saye a Landan yana son abin da ya sha bara ya zama shi zai sha bana, amma damina ba ta zama ɗaya. Sai aka jera ganguna aji-aji bisa tsufa. Ajin da ya fi tsufa shi ne solera, daga kalmarsu ta ƙasa, don a al'ada shi ke layin ƙasa. Sauran ana ce musu kiriyadera, wurin reno. Idan za a sayar, daga solera ake ɗiba, ba kuma a wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku. Gurbin a cike shi daga aji na biye, shi ma a cike nasa daga na bayansa, har a kai ga sabuwar giyar bana. Ba a taɓa ƙarar da ganga. Ƙarama tana shiga cikin babba ta ɗauki halinta. Saboda haka kwalbar oloroso ba ta da shekarar haihuwa ɗaya, kuma a solerar da aka kafa tun ƙarni na 19 akwai ɗan ragowar abin da hannun mutanen wancan zamani ya zuba. Ma'aikatan da ke wannan juye-juye da tuluna da mazurari, su kuma ɗora ganga kan ganga da igiya da katako, ana kiran su arumbador, aiki ne da ɗa ke gada wurin uba.

Tsakiyar ƙarni na 19 ita ce ganiyar kasuwa. A 1854 aka shimfiɗa layin dogo daga Heres zuwa Fuwerto, na farko a duk Andalus, daga baya har aka ja reshe ta cikin titunan gari zuwa ƙofar rumbuna. A 1864 sheri ya kai fiye da kashi 40 cikin ɗari na duk giyar inabin da Birtaniya ke shigowa da ita, a 1873 abin da ake fitarwa ya haura ganga 60,000. A Biristol gidan Harvey ya gauraya tsohuwar oloroso da zaƙin inabin Pedro Himenes wanda aka shanya a rana, aka sami Bristol Cream. Shi ya sa har yau Turawa da yawa suke zaton sheri abu ne mai zaƙi.

Masu rubuta tarihin kamfanoni sukan tsallake waɗanda suka riƙe fartanya, ni kuwa ba zan tsallake su ba. Yayin da iyalai 'yan ƙalilan ke gina fadoji da kiwon dawaki, dubban 'yan ƙodago a karkarar Heres ba su da ko taƙin ƙasa, aikinsu na 'yan watanni ne, sauran shekara yunwa. A 1883 hukuma ta kama ɗaruruwansu bisa zargin wata ƙungiyar asiri mai suna Baƙin Hannu, wadda masana tarihi da yawa suke ganin an ƙirƙira ko an kambama ne don murƙushe ƙungiyoyin ma'aikata. A watan Yuni na 1884 aka kashe mutum 7 a dandalin kasuwar gari a bainar jama'a. A daren 8 ga Janairun 1892 ɗaruruwan manoma suka shigo birnin da lauje da sanduna, wata guda bayan haka aka kashe huɗu. Marubuci Balasko Ibanyes ya ɗora littafinsa La Bodega na 1905 a kan wannan rayuwa.

Sannan masifu suka biyo juna. Jabun sheri daga Hambog da wasu wurare ya zubar da mutuncin na gaske. A 1894 ƙwaron filoksera, ɗan mitsitsi mai cin jijiya wanda ya riga ya gama da gonakin Faransa, ya iso Heres ya share kusan komai cikin 'yan shekaru. Magani ɗaya aka samu, a dasa jijiyar inabin Amurka a ɗaura na gida a kanta. Ƙananan manoma da yawa ba su tashi ba, kuma ire-iren inabi masu yawa da aka sani a da suka ragu zuwa uku. Abin da ya riƙe manyan gidaje a shekarun da babu girbi shi ne tsohuwar ajiyar da ke cikin solera.

A 1935 aka kafa majalisar kula da sunan Heres. Amma Afirka ta Kudu da Ostireliya da Kuburus da ita kanta Ingila duk suna sayar da abin da suka kira sheri, suna cewa kalmar sunan nau'i ce kamar a ce shayi. A 1967 magana ta kai kotu a Landan. Cikin hujjojin da mutanen Heres suka gabatar akwai taswirar Idrisi, masanin ƙasa ɗan Sabta wanda ya kammala aikinsa a 1154 a fadar sarki Roja na Sikiliya, inda aka rubuta sunan garin da baƙaƙen Larabci: Sharish. Alƙali ya yarda cewa kalmar sunan wuri ce, kuma idan an faɗe ta ita kaɗai ta Heres ce. Jikokin waɗanda suka kori Musulmi daga garin, rubutun Musulmi ne ya tsaya musu shaida bayan shekara 700. Sauran ƙasashe sun ci gaba da amfani da sunan tare da nasu, sai a 1996 dokar Tarayyar Turai ta rufe wannan ƙofa a cikin ƙasashenta.

Nasarar kotun Landan ta zo daidai da lokacin da haɗama ta shigo. Kamfanin Rumasa na Hose Mariya Ruwis Mateyos ya yi ta sayen rumbuna da bankuna, ana dasa inabi ko'ina, ana cika kantunan Holan da Jamus da Ingila da kaya mai araha. A shekarun 1970 gidan Domecq ya gina wani makeken rumbu mai bakunan gini irin na masallacin Ƙurɗuba, har ana kiran sa La Mezquita, wato masallaci, sunan da ba ya yi mini daɗin ji. A 1979 fitarwa ta kai kimanin lita miliyan 150. Ranar 23 ga Fabrairun 1983 gwamnati ta ƙwace Rumasa. Farashi ya riga ya karye, matasan Turai suna kallon sheri a matsayin abin shan kakanni. Gonakin da suka kai hekta 22,000 suka koma kimanin 7,000, dubban ma'aikata suka rasa aiki, aka mayar da wasu rumbuna gidajen haya da wuraren biki. A shekarar 2000 majalisar ta fito da shaida ta musamman ga giyar da ta haura shekara 20 da wadda ta haura 30, don a ceto darajar tsofaffin solera, kuma a 'yan shekarun nan wasu matasan manoma sun koma neman tsofaffin ire-iren inabin da suka ɓace bayan filoksera.

Sai dai abin da ke shigo da kuɗi sosai yanzu ta wata ƙofa ya biyo. Shekara da shekaru ana kai sheri Birtaniya a ganga, a juye a kwalba a can, masu yin wuski a Sikotland su sayi gangunan da aka zazzage da araha su zuba nasu. Suka lura itacen da ya sha oloroso yana ba wuski launi da ƙamshi, har gidaje irin su Macallan suka gina sunansu a kai. Da aka daina fitar da sheri a ganga a shekarun 1980, aka koma zuba shi a kwalba a Heres, wannan hanya ta toshe. Sai mutanen Sikotland suka fara aiko da oda kai tsaye. Maƙeran ganga a Heres suna ƙera sababbi, su gasa cikinsu da wuta, a cika su da ƙaramar oloroso, a bar ta shekara ɗaya ko biyu itace ya sha ya ƙoshi. Daga nan a zazzage, a loda gangar a mota zuwa tashar jirgi. Giyar kuma, bayan ta jiƙa ganga biyu ko uku, yawanci a tatse ta ko a mayar da ita khal, wanda shi ma yake da solerarsa a wani rumbu dabam, nesa da na giya don kada tsaminsa ya kama ta.